Tambayi Likita: Ƙanwata na kan na'urar numfashi da cikin mako 20

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ƙanwata ce ta yi hatsarin mota, ta bugu a ka, tana ɗauke da cikin mako 20. Yau kwananta tara a sashen kulawa ta musamman, na'ura ce ke yi mata numfashi. Wani likita ya ce mana doguwar suma ce, sai kuma muka ji wata nas tana cewa ai ƙwaƙwalwar ta riga ta mutu. Amma jiya da na riƙe ƙafarta, wallahi ta motsa. An yi sikanin, zuciyar ɗan tana bugawa. Mijinta ya ce ko shekara za a yi, a bar na'urar har a ciro ɗan. Mahaifiyarmu ta ce wahalar da 'yarta kawai ake yi, a ƙyale ta ta huta. Yanzu ko gaisawar kirki ba sa yi. Ni ne babba, kowa ni ya zuba wa ido. Me zan ce musu? Daga M. A.

AMSA: Malam M. A., Allah ya ba ta lafiya, ya kawo muku sauƙi. Kafin ka ce wa kowa komai, ka koma wurin babban likitan da ke kula da ita. Ba a tsaye a baranda ba, a zaune a ofis, ga mijin, ga Mama. Ka tambaye shi kai tsaye: an yi mata gwajin mutuwar ƙwaƙwalwa ko ba a yi ba? In an yi, su wa suka yi, yaushe, me ya nuna? Gardamar da ake yi a gidanku ta dogara ne a kan amsar nan, domin mijin da Mama kowa wata mara lafiya daban yake gani a kan gadon.

Hali uku ne mutane ke cakuɗawa. Na farko doguwar suma: mutum na kwance ido rufe, ko an kira shi ko an mintsine shi ba ya farkawa, amma ƙwaƙwalwarsa na da sauran aiki. Muna auna zurfinta da ma'aunin Gilasgo, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fito da shi a 1974. Ana duba buɗe ido, magana da motsi, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Wanda ya samu 8 zuwa ƙasa rauninsa mai tsanani ne, shi ake zura wa bututun numfashi. Irin wannan suma ba ta cika wuce mako biyu zuwa huɗu ba. Ko dai mutum ya fara farfaɗowa, ko rai ya yi halinsa, ko ya shiga hali na biyu: ido ya buɗe, yana barci yana farkawa, yana iya numfashi da kansa, amma babu alamar ya san kansa ko wanda ke gabansa. Wannan mai rai ne, kuma an sha ganin mata a wannan hali ciki ya ci gaba da girma har aka haihu. A ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2018, ta ja kunnen likitoci kada su fitar wa dangi da rai a cikin kwana 28 na farko, kuma ba a cewa halin ya zauna sai ya kai wata 12 in buguwa ce ta jawo shi, ko wata 3 in yankewar iska ce. Ƙanwarka kuwa kwana tara kacal.

Na uku shi ne mutuwar ƙwaƙwalwa. Ƙoƙon kai akwati ne da ba ya buɗewa. In ƙwaƙwalwa ta kumbura ba ta da wurin zuwa, sai matsi ya yi ta ƙaruwa har jini ya kasa shiga. Idan tushenta, wanda ke ba da umarnin numfashi, ya mutu, ba ya dawowa. Ita zuciya da abin da ke kunna ta a cikinta, muddin na'ura na hura iska cikin huhu za ta ci gaba da bugawa zuwa wani lokaci. Shi ya sa za ka taɓa jiki ka ji ɗumi. Tun bayan rahoton kwamitin jami'ar Harvard na 1968 ƙasashe da yawa suka amince cewa wannan mutuwa ce, ba suma ba.

Ba da kallo ake tabbatar da ita ba, ba kuma da maganar da aka tsinta a bakin wani yana wucewa ba. Da farko sai an tabbatar babu sauran maganin barci a jini, jiki bai yi sanyi fiye da kima ba, bugun jini bai faɗi ba. Sannan a haska fitila a ƙwayar ido, a taɓa baƙin idon da auduga, a zuba ruwan sanyi a kunne, a zura bututu maƙogwaro a ga ko za ta yi tari. A ƙarshe a janye na'urar na 'yan mintoci, ana ba da oksijin, a ga ko za ta ja numfashi ko sau ɗaya. A mai ciki likitoci da dama na ɗari-ɗari da wannan mataki na ƙarshe, don gurɓatacciyar iskar da ke taruwa a jinin uwa tana shafar ɗan tayi, sai su nemi hoton da ke nuna ko jini na shiga ƙwaƙwalwa. A wurare da yawa likitoci biyu ake buƙata.

Batun ƙafar da ta motsa: ba mafarki ka yi ba, amma kada ka gina komai a kai. Lakar gadon baya kan sa ƙafa ko yatsu su zabura ba da sanin ƙwaƙwalwa ba, ko a wanda aka tabbatar ya rasu. Haka kuma yana iya zama motsin mai rai. Gwajin ne zai raba gardama.

To, a ce tana da rai. A nan babu zaɓi tsakaninta da ɗan, don kusan duk abin da zai amfane ta shi zai amfane shi. Abu biyu ke ƙarasa ƙwaƙwalwar da ta ji rauni: ƙarancin oksijin da faɗuwar bugun jini. Su ne kuma dai ke kashe ɗan tayi, domin jinin da ke zuwa mahaifa yana bin bugun jinin uwa ne sau da ƙafa. Daga mako 20 mahaifa ta yi nauyin da in mace ta kwanta rigingine za ta danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, shi ya sa za ka ga an karkata ta hagu ko an tokare ta da matashi. In ana tsoron karayar wuya, da gadon gaba ɗaya ake karkatawa. Ana saita na'urar daidai da numfashin mai ciki, wanda ya fi na sauran mutane yawa. Ana ba ta abinci ta bututu da wuri, ana juya ta don gudun gyambon kwanciya, ana tsaron daskarewar jini a ƙafafu, abin da ciki da kwanciya ke haɗuwa su ƙara. In ana buƙatar maganin farfaɗiya a kauce wa balfurowet matuƙar akwai wani. In rukunin jininta negatif ne a yi mata allurar anti-D, mai hana jikinta yaƙar jinin ɗan, cikin awa 72 da buguwar, ka tambaya ko an yi. In kuma likitan ƙwaƙwalwa ya ce sai an buɗe kai an kwashe jini, a buɗe. Ciki ba ya hana tiyatar ceton rai.

Abin da na fi jin takaicinsa a irin wannan ɗaki shi ne yadda da zarar an ji bugun zuciyar ɗa a sikanin, sai hankalin kowa ya koma can, har ma'aikata, ana ta "yaya jaririn?" ita kuwa mai ɗauke da shi an daina kiran sunanta. Majinyaciya ce. In za a juya ta a faɗa mata, in za a wanke ta a suturta ta. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya gano cewa a cikin marasa lafiya 241 da ba sa amsa umarni a zahiri, 60 ƙwaƙwalwarsu na amsawa idan aka auna da na'ura. Ka gaya wa masu zuwa dubiya su iya bakinsu a gefen gadonta.

In kuma gwaji ya nuna ta rasu, tambayar ta sauya. Ba jinyarta ake yi ba kuma, riƙe gangar jikinta ake yi domin ɗan, kuma wannan aiki ne mai wuyar gaske, ba kunna na'ura a tafi ba. Jikin da ƙwaƙwalwarsa ta mutu ba ya iya daidaita zafinsa, bugun jini na hawa da sauka, sinadarin da ke hana ƙoda zubar da ruwa ya yanke sai fitsari ya yi ta kwarara lita-lita, sai an riƙa maye gurbin sinadarai da allurai, ga cututtuka na shiga ta huhu da mafitsara da hanyoyin ƙarin ruwa. Wani nazari na 2021 ya tattara mata 35 da aka ba da labarinsu a mujallun likitanci: an haifi 27 da rai, an riƙe jikin uwayen kimanin mako bakwai a matsakaici, kuma wajen kashi biyu cikin uku sun kamu da cuta a tsakani. Kada adadin nan ya ruɗe ka. Wanda ya yi nasara shi ke rubutawa, asibitin da ɗan ya mutu a mako na biyu da wuya ya aika da labarinsa mujalla. Kuma akasarinsu manyan asibitoci ne masu kayan aiki.

Yakan yiwu, tabbas. A 2019 a birnin Brno na Jamhuriyar Cek an riƙe jikin wata mata kwana 117 bayan jijiya ta fashe mata a ka, ma'aikata har motsa ƙafafunta suke yi kamar tana tafiya, aka ciro 'ya mace a mako 34 da nauyin kilo biyu da ɗoriya. Dangi ne suka so haka. Yakan kuma zama zalunci. A ƙarshen 2013 a jihar Teksas ta Amurka wani asibiti ya ƙi cire na'ura daga jikin matar da ta faɗi da cikin mako 14, duk da mijinta da iyayenta sun ce ta sha faɗa ba ta so, saboda dokar jihar ta hana janye na'ura daga mai ciki. Sai a Janairun 2014 alƙali ya ce dokar ba ta hau kan wadda ta riga ta rasu ba. A ƙasar Ailan ma, a Disambar 2014, babbar kotu ta ba da izinin cirewa bayan likitoci sun shaida cewa jikin matar na lalacewa kuma babu fatan ɗan zai kai. A 2025 kuma a jihar Jojiya an riƙe wata ma'aikaciyar jinya tun cikin na kusan mako 9, aka ciro ɗa a watan Yuni bai kai kilo ɗaya ba, mahaifiyarta kuwa kukanta shi ne ba a ba su zaɓi ba. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ka tambayi asibitin abin da doka ta ce a inda kuke.

Ga lissafin da ya shafe ku. A asibitocin da suka fi kowa kayan renon bakwaini, ana fara fatan rayuwa daga mako 22 zuwa 24, da haɗarin nakasa mai yawa. A wurare da dama sai mako 28 ake sa rai. Ke nan daga mako 20 kuna maganar wata ɗaya a ƙalla, wata biyu in ana son ɗan ya fito da ƙwari. Ka tambayi likitan yara na asibitin, ba na wani wuri ba: a nan, jaririn mako nawa kuke iya rayarwa? Akwai kwalba, akwai na'urar numfashin jarirai? A kuma yi cikakken sikanin a ga ko shi kansa ɗan bai illatu ba lokacin hatsarin. Batun kuɗi da batun gadon da wani mai rai zai iya buƙata ba abin kunya ba ne, a faɗe su a fili tun yanzu, ya fi a fara a tsaya a tsakiya.

Ta fuskar addini, malamai sun daɗe da zama a kan wannan. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta ce idan ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa, mutum ya rasu a shari'a kuma ya halatta a cire na'ura. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a 1987, ita ma ta halatta cirewa, sai dai ta ce ba a zartar da hukuncin mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya. Tun kafin a san na'ura ma, malaman mazhabobi sun tattauna tsaga cikin mamaciya don ciro ɗan da ake fatan zai rayu, wanda ke nuna suna auna alfarmar mamaci da ran ɗan tayi tare. Ku kai wa malamin da kuka yarda da shi maganar da takardar likita a hannu, domin fatawa na bin abin da aka faɗa wa mai ba da ita ne.

Ka ce me za ka ce musu. Ni dai a ganina kada ka tambayi mijin me yake so, kada ka tambayi Mama me take so. Ka tambaye su ita me za ta so. Ta taɓa magana a kan na'ura, ko da a kan wani ne? Yaya ta ɗauki cikin nan? Wa take faɗa wa sirrinta, ƙawa ko ƙanwa? A kira ta. Kwamitin ɗa'a na ƙungiyar likitocin mata ta duniya, a matsayarsa ta 2011, a kan haka ya tsaya: burin ceton ɗa ba ya sauke wa likita nauyin mutunta matar. Idan shaidu suka nuna za ta so a gwada, kuma asibitin na iyawa, a gwada, amma a kafa sharaɗi tun farko: a wane mako za a ciro, a riƙa zama ana duba lamarin lokaci-lokaci, kuma in jikinta ya fara rugujewa ko ɗan ya rasu a tsaya. Idan sun nuna ba za ta so ba, wanda ya ce a cire bai kashe kowa ba. Mijin na tsoron ya rasa biyu a rana ɗaya, Mama kuma ita ce ke kallon fuskar 'yarta na kumbura kullum. Ka fara faɗa wa kowannensu abin da ɗayan ke tsoro, sannan ku shiga wurin likita tare. In asibitin na da kwamitin ɗa'a, haƙƙinku ne ku nemi ya zauna.

TAMBAYA: Likita, matar yayana ta faɗi ba ta magana, da cikin wata bakwai. Likitoci suka ce a yi hoton siti na kai, yayana ya hana, wai hasken zai nakasa ɗan. Sai washegari ya yarda, aka ga jini ne ya zuba. Ta farfaɗo amma hannunta ɗaya bai dawo ba. Shin yana da gaskiya? Daga Maman H.

AMSA: Maman H., ba shi da gaskiya, ko da yake tsoron nasa na uba ne. Hasken da ke kai wa ga ɗan tayi daga hoton siti na kai bai kai ko miligire ɗaya ba (ma'aunin yawan hasken da ya shiga jiki ke nan), nesa ba kusa ba, alhali ba a ga illa ga halittar ɗa a ƙasa da miligire 50 ba. Kai na sama, mahaifa na ƙasa. Jinkiri shi ne abin tsoro, don ba a iya bambance jijiyar da ta fashe da wadda ta toshe sai da hoto, maganin ɗaya kuma guba ne ga ɗayar. Ko jinkirin ne ya tafi da hannun, likitocinta ne kaɗai da suka ga hoton za su iya cewa wani abu, don haka kada ki ɗora masa wannan a ka. A dage da gashin ƙashi da motsa jiki, watannin farko su ne aka fi samun ci gaba. Abin da zan ƙara shi ne, inda rai ke cikin haɗari kuma mara lafiya ba ta iya magana, ƙa'idar aikinmu ta ba likita damar yin abin gaggawa. Kuma da tana cikin hayyacinta, izininta za a nema, ba na kowa ba.

TAMBAYA: Likita, ina da cikin mako 30, an ce jinina ya hau. Na ji an ce jijjiga na taɓa ƙwaƙwalwa. Tsoro ya hana ni barci. Daga S. U.

AMSA: 'Yar uwa, a cikin duk abubuwan da ke raunata ƙwaƙwalwar mai ciki, naki ne aka fi iya tarewa. Idan awo ya kai 160 a sama ko 110 a ƙasa, ba a kwana da shi a gida, domin a nan ne jijiyar kai ke iya fashewa. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, ganin walƙiya ko dishi-dishi, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska farat ɗaya: ko ɗaya kika ji, asibiti, ko da tsakar dare ne. Akwai allurar magniziyam. Gwajin da aka yi a kan mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, aka wallafa a 2002, ya nuna tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. In an ga za a ciro ɗan kafin mako 34, za a yi miki allurar da ke ƙosar da huhunsa. Kada ki daina shan maganin don kin ji sauƙi, kuma ki sani haɗarin bai ƙare da haihuwa ba, jijjiga na zuwa ko bayan an sauka, don haka a ci gaba da awon jini har mako shida. In za ki shiga mota ki ɗaura bel, na ƙasa ya bi ƙarƙashin ciki a kan ƙugu, na sama ya ratsa tsakanin ƙirji. Sannan wata rana da kike cikin natsuwa, ki zaunar da mijinki da mahaifiyarki wuri ɗaya, ki faɗa musu abin da za ki so in har kika kasa magana, da wanda kika wakilta ya yi magana a madadinki. In da hali ki rubuta, ki ba likitan da ke miki awo kwafi ya sa a katinki.